Ƙaurin Birki

Duk wanda ya taɓa sauka matakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Primera Junta a zamanin tsofaffin taragun katako, ko da ido rufe aka kai shi, hancinsa zai gaya masa inda yake. Wani ƙauri ne mai nauyi, rabi na itacen da ya sha gugar ƙarfe, rabi na baƙin man kwalta, tun kana kan titi yake taryarka. Mutanen Buenos Aires warin jirgi suke ce masa, sun saba da shi har ba sa ji. Mu kuwa a layinmu na unguwar Caballito, idan iska ta kwaso mana shi sai mu ce, "Ai Fermin ya wuce ta nan."

Fermin Barrionuevo ba ɗan birni ba ne. Daga dazukan Chaco ya fito, ɗan mai saran itace, ya zo birni yana saurayi da gatarin ubansa a buhu, sai ka ce benaye aka kira shi ya sara. Ya yi dako a kasuwa, ya yi wanke-wanke a gidan abinci, kafin wani ɗan garinsu ya ja shi garejin gyaran jiragen ƙarƙashin ƙasa. Nan ya tarar da abin da ya sa shi dariya har ya riƙe ciki: ashe jiragen da 'yan birni ke taƙama da su, da itacen dajinsu suke tsayawa. E, itace! Direba ya ja hannun birki, iska ta bi bututu ta tura takalmin birki ya damƙi ƙafar ƙarfe, shi kuwa takalmin nan ba komai ba ne illa guntun itacen lapacho da aka jiƙa a man kwalta har ya ƙoshi. A ƙauyensu da shi ake kafa shingen shanu.

Wannan ya zama aikinsa har furfura. Ya yanka da zarto, ya fafe cikin takalmin daidai gantsarewar ƙafa, ya bi shi da magagari, ya tsoma a tukunyar mai. Idan tarago ya shigo gareji ƙafafunsa na huci, Fermin ne zai shiga ramin ƙarƙashinsa ya kwance waɗanda suka cinye, baƙi ƙirin, da zafinsu, ya ɗaura sababbi. To, ina ƙauri zai tafi? Ya shiga rigarsa, ya shiga gashinsa, ya shiga layukan tafin hannunsa ya yi zamansa.

Babban amininsa shi ne Benigno Souto, mai kula da ƙofofin jirgi, wanda babu mai kiransa da sunansa, kowa Usur yake ce masa. A waɗannan taragu fasinja ne ke buɗe wa kansa ƙofa, ya kama mariƙi ya ja da ƙarfinsa. Rufewa kuwa ba ta kowa ba ce sai ta Usur: ya leƙo kai daga gurbinsa, ya hura usur ɗin nan nasa mai fasa kunne, ya saki iska, ƙofofi su haɗu gaba ɗaya, garam! Wanda bai gama shiga ba, shi ya jiyo. Usur yana yawan cewa shi ya aurar da Fermin, kuma Allah na gani, bai yi ƙarya ba.

Wata rana da rana Fermin ya bi jirgi don ya saurari wani birki da ake ƙorafin yana kuka. A tashar Congreso wata doguwar budurwa ta taho a guje, ta rungumo ƙaton ƙunshin ɗinki da hannu biyu. Usur ya hura, ya saki iska. Ita ta shige, ƙunshinta bai shige ba. Ƙofa ta cije shi a tsakiya, rabi ciki rabi waje. Fermin ya tashi ya sa kafaɗa, ya ɓamɓare ƙofar da ƙyar, ya jawo mata kayanta. Yana jiran godiya. Budurwar ta dube shi sama da ƙasa, ta yamutsa hanci.

"Kai kuma me kake ƙonawa?"

"Birki," in ji shi.

"To, Allah ya kyauta. Ka shafa min baƙi a rigar amaryar mutane."

Casilda ke nan. Tela ce, bakinta ya fi almakashinta kaifi, ta girme shi da 'yan shekaru amma har yau babu wanda ya isa ya faɗa a gabanta. Fermin ya bi ta har shagonsu wai zai ba mai rigar haƙuri, daga nan bai sake gane wata hanya ba sai ta shagon. Kafin shekara ta zagayo an ɗaura musu aure a coci, Usur ne ya tsaya masa, yana ta gaya wa baƙi cewa da ya yi jinkirin rufe ƙofa ko da na ƙiftawar ido ne, da ɗan dajin nan ya mutu gwauro.

Gidansu ƙarami ne, ɗakuna a jere, da tsakar gida mai kurangar inabi. Tun makon farko Casilda ta kafa doka. A bakin ƙofar kicin ta ajiye wani akwatin katako, iyakar Fermin ke nan idan ya dawo daga aiki. Yana turo ƙofar gida za ka ji ta daga ciki:

"Kai Tsoho! Tsaya nan! Kada ka kuskura ka zauna min a kujera da ƙaurin nan. Je ka yi wanka!"

Tun suna da ƙuruciya Tsoho take ce masa, shi kuma ya ce mata Tsohuwa, kamar yadda ma'auratan nan ke yi. Shi kuwa mutum ne mai son ya huta kafin wanka. Sai ya zauna a akwatin, ta miƙo masa ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu da ake zuƙa da bututu, da dogon hannu, ta kau da kai kamar mai ba kare magani. Nasa babu sukari, da ɗacinsa yake sha, irin na mutanen daji. Baƙi take sa wa sukari. Wani lokaci ya shiga banɗaki ya kunna famfo, ya zauna a bakin baho yana karanta labarin ƙwallo, ya jiƙa gashi ya fito. Ko sau ɗaya bai taɓa tsira ba. Za ta shinshina iska ta ce, "Ƙarya kake, famfo ka yi wa wanka. Koma!" Mu maƙwabta da wannan faɗan muke sanin magariba ta yi. A cikinsa suka haifi 'yarsu Mirta, a cikinsa ta girma ta yi aure ta koma wata unguwa.

Sai tsufa ya zo wa Casilda ta inda ba a zata ba. Ƙafa lafiya, ido lafiya, har zare tana zurawa a allura ba tabarau. Kai ne ya fara yoyo. Yau ta sa almakashi a firji, gobe ta tambayi ina mahaifiyarta ta tafi, matar da ta rasu tun Mirta na goye. Likita ya ce gigin tsufa ne, ba ya komawa baya, sai dai a lallaɓa. Mirta ta riƙa zuwa da rana tana zama da ita har uban ya taso.

Wata Lahadi Fermin ya yi wanka, ya yi aski, ya sa farar riga zai hura gawayin gashin nama. Casilda ta fito tsakar gida, ta gan shi, ta gyara wuyan rigarta, ta yi murmushin da take yi wa masu kawo ɗinki.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Maigidan kake nema? Ya tafi aiki, amma zauna, yanzu zai dawo."

Ta jawo masa kujera mai kyau, wadda ya shekara arba'in yana faɗa a kanta. Ta kawo masa mate. Ya zuƙa, ya ji sukari. Wallahi mutumin nan ya taɓa sare ɗan yatsa da zarto bai yi hawaye ba, amma ranar sai da ya juya baya ya ce hayaƙin gawayi ne.

Washegari Litinin ya dawo daga gareji. Yana turo ƙofa sai ya ji: "Kai Tsoho! Tsaya nan! Je ka yi wanka!" Ya tsaya cak. Bai taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Da abin ya maimaitu Lahadi bayan Lahadi, sai ya gane: idonta ya sake shi, kunnenta ma ya sake shi, hancinta ne kaɗai ya riƙe. Fuskar tsohon nan mai furfura ba ta san ta ba. Ƙaurin birki shi ne mijinta. Da ya gaya wa likita, likitan ya gyaɗa kai ya ce hakan na faruwa, hanci yakan riƙe abin da sauran suka zubar. Daga ranar Fermin ya daina sa farar riga. Ko coci da shuɗiyar rigar aikinsa yake zuwa, tsofaffin mata na matsawa gefe, bai damu ba.

Ana haka labari ya zo: za a ajiye taragun katako. Sun kusa shekara ɗari suna aiki, an sayo sababbi masu sanyi, ƙofofinsu da kansu suke buɗewa su rufe, birkinsu babu ko tsinken itace. Gari ya rabu biyu, masu murna da masu zaman makoki. 'Yan jarida suka cika tashoshi, mutanen da ba su taɓa hawa jirgin ba suka zo suna shafa kujeru suna ɗaukar hoto. Shi Fermin lokacin ritayarsa ma ya yi, kuma bai ƙi a ajiye su ba. Ya fi kowa sanin yadda gaɓoɓinsu suka saki. Abin da ke cin ransa daban ne, Usur kaɗai ya gaya wa, suna shan mate a bayan gareji.

"Idan babu birki, ni wane ne a gidana?"

Usur, wanda tumbinsa ya riga ya yi gaba ya bar shi, ya sosa sanƙo. "Kai ɗan daji, da ni ne matata ta manta ni, ai sai na yi sadaka. Sabon mutum, babu tsohon laifi."

"Ba wasa nake ba, Benigno."

Jin sunansa na yanka ya sa Usur ya ajiye ƙoƙon. Can ya ce, "To ka adana riga. Ka shiga rami ka yi birgima a cikinta har ta ƙoshi, ka ƙulle ta a leda. Kullum da yamma ka sa."

Haka ya yi. A makon ƙarshe babu takalmin da aka kwance da bai goga a rigar nan ba. Ranar da jirgin katako na ƙarshe ya shigo, cikin zafin Janairu, don a nan ƙasar lokacin bazara ke nan, mutane na tafi suna kuka, Usur ya hura usur har sai da muryar abin ta dushe, ya rufe ƙofofinsa garam, ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka kamar yaro. Fermin bai yi kuka ba. Ya roƙi shugaban gareji buhu guda na takalman da ba a ɗaura ba, aka ce ya kwashe, wa zai yi me da su? Ya saɓo abinsa gida.

Dabarar riga ta yi aiki. Da la'asar sai ya zame ya fita, ya sa rigar a shagon mai jarida na kan kwana, ya zagaya layi, ya dawo ya turo ƙofa kamar wanda ya taso daga aiki. "Kai Tsoho! Tsaya nan!" Ya zauna a akwatinsa yana shan ɗaci. Sai dai kowace rana ƙaurin na ƙara sanyi, yana ji, yana ƙara ƙulle ledar da kyau.

Laifinsa ɗaya, kuma na faɗa masa a gaban idonsa: bai gaya wa Mirta ba. Kunya yake ji ya ce wa 'yarsa uwarta ba ta san shi sai da wari. To, rashin sani ya fi dare duhu. Wata safiya ya je karɓar maganin Casilda, Mirta na gyaran ɗaki ta ci karo da leda a bayan kabad. Ta buɗe, ta kusa faɗuwa. Yarinyar kirki, mai tsafta irin ta uwarta, ta tafasa ruwa, ta zuba sabulu mai ƙamshin lemo, ta wanke rigar nan, ta sake wankewa, ta shanya. Fermin ya dawo ya tarar da ita a igiya tana ɗiga, fes da ita.

"Wa ya taɓa min riga?"

"Ni ce, Baba. Haba, ai ta kusa tsutsa. Ka yi ritaya, me za ka yi da wannan ƙazanta?"

"Wa ya sa ki? Na ce wa ya sa ki!"

Mirta ba ta taɓa jin muryarsa haka ba. Casilda ta fito da tsintsiya a hannu, ta shiga tsakaninsu, ta kare 'yarta da jikinta.

"Kai bawan Allah, a gidan wa kake ɗaga murya? Ka ci sa'a mijina ba ya nan. Da ya nuna maka hanya!"

A nan Mirta ta gane abin da ta yi. Ta dubi rigar, ta dubi ubanta, ta toshe baki da hannu. Garin gyaran gira an rasa ido. Fermin ne ma ya koma yana lallashinta, yana cewa ai ko ba ta wanke ba ƙaurin ya kusa ƙarewa.

Kwanakin da suka biyo baya ba na so in tuna. Casilda ba ta kori baƙon ba, ta ɗauke shi wani ɗan haya mai hankali, tana ba shi kujera da mate mai sukari. Amma da la'asar ta yi sai ta tafi bakin ƙofar gida ta tsaya, tana leƙen kan kwana. Ta tsaya har a kunna fitilun titi. Shi yana bayanta a tsaye.

"Bai taɓa yin latti haka ba," in ji ta. "Ko dai ya samu wata ce a can wajen aikin?"

"Haba Doña Casilda, wa za ta kwashi wannan mai warin?"

Ta juyo a fusace. "Kai, kama bakinka! Ni kaɗai ke da ikon faɗin haka."

Ta daina cin abinci sosai, wai sai ya dawo. Ta fara ramewa. Wannan ne ya fi komai kashe Fermin: ba mantuwar da ta yi da shi ba, a'a, ganin za ta tafi kabari tana zaton ya gudu ya bar ta.

Ya gwada duk abin da ya zo masa. Ya shafa man kwalta a hannu, ta ce masu gyaran titi sun zo. Ya jefa takalmin birki guda cikin gawayi, hayaƙi ya turnuƙe gida, ta yi ta tari tana kiran maƙwabta su kawo ruwa. Ya zauna ya dafe kai. Shi da ya ƙare rayuwarsa a rami ya san inda matsalar take: ƙaurin birki ba na wuta ba ne. Sai itace ya ciji ƙarfe mai gudu, ƙarfen ya yi zafi, man ya tsattsafo, sannan yake fita. To ina zai samo ƙafar jirgi a tsakar gida?

Usur ne ya zo wata Asabar da yamma, yana turo wani tsohon keke mai tsatsa, yana haki.

"Ga jirginka na kawo maka, ɗan daji."

"Zafin rana ne ya taɓa ka?"

"Cire tayar baya, ka bar ƙarfen tsirara. Ƙarfe ai ƙarfe ne. Ni direba, kai birki."

Suka ciccibi bayan keken suka ɗora a kan bulo a lungun tsakar gida, suka ɗaure shi da igiyar shanya a jikin ginshiƙin inabi. Fermin ya zaro takalmi guda daga buhu, ya fafe gefensa daidai bakin ƙarfen, ya sa rigar da aka wanke, ya durƙusa. Usur ya hau sirdi, keken ya yi ƙara kamar zai kai ƙara wurin hukuma.

"Taka mana!" in ji Fermin.

"Ina takawa! Kai da kake zaune!"

"Wannan ne gudun? Ko jana'iza ta fi ka sauri. Shekara nawa kana cin naman gidana, yau ka biya."

"Rufe min baki, baƙauye. Ni ƙofa na iya rufewa, ba a taɓa ɗaukata aikin inji ba."

Mirta na tsaye bakin kicin, ba ta san ko dariya za ta yi ko kuka ba. Usur ya dage, fuskarsa ta yi jawur, gumi na zuba ta haɓa. Fermin ya danna itacen a hankali, ya saki, ya sake dannawa, yadda direban kirki ke shiga tasha. Ƙarfen ya fara kuka. Sai ga wani siririn hayaƙi shuɗi ya taso, gefen takalmin ya yi baƙi yana ƙyalli. Usur ya daina zagi. Ya ja numfashi ta hanci, idanunsa suka kawo ruwa, ya ci gaba da takawa. Tashar Primera Junta ce ta shigo gidan gaba ɗayanta. Fermin ya sunkuya cikin hayaƙin, ya buɗe rigarsa ta sha, ya goga baƙin a hannu, a wuya, a gashi.

Casilda na ɗaki tana ninke tsummoki. Suka ji motsin ya tsaya. Suka ji takunta. Ta fito, ba ta ko dubi keken ba, hancinta a sama.

"Kai Tsoho!"

Fermin ya miƙe.

"Ina ka shiga? Ina ka shiga, don Allah? Na tsaya a ƙofa har ƙafafuna sun kumbura!"

"Aiki ne ya yi yawa, Tsohuwa. Birki ne suka lalace."

"Birki! Kullum birki! Su za su binne ka ai." Ta matso ta kama gaban rigarsa da hannu biyu, ta girgiza shi, ta kifa goshinta a ƙirjinsa na ɗan lokaci. Sannan ta ture shi, ta goge hannu a zani. "Dube ka, kamar an tono ka daga murhu. Je ka yi wanka. Kuma wannan ƙaton me yake yi a kan keke a gidana? Ba kai ne ka cije min rigar amarya da ƙofa ba?"

Usur ya sauko yana dingishi, ya cire hula. "Ni ne, Doña Casilda. Har yau ina neman gafara."

"Ba ka samu ba."

Mirta ta shige kicin da gudu, muna jiyo shessheƙarta.

Casilda ta jawo kujera mai kyau, ta kakkaɓe ta, ta ajiye kusa da tata a ƙarƙashin inabi. "Yi sauri ka yi wankan ka zo ka zauna kusa da ni. Na daɗe ban gan ka ba."

Nan fa ake yin ta. Fermin ya dubi kujerar, ya dubi ƙofar banɗaki. Idan ya yi wanka zai zauna kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, amma baƙo ne zai zauna, ita kuma ta koma bakin ƙofa jiran mijinta. Idan bai yi ba, iyakarsa akwati. Gaba kura, baya sayaki. Ya shiga banɗaki, ya kunna famfo, ya zauna a bakin baho yana kallon ruwa na zuba. Ya daɗe. Ya jiƙa gaban gashinsa kaɗan, ya kashe famfon, ya fito.

Ta ɗaga hanci ta shinshina.

"Ƙarya kake. Famfo ka yi wa wanka."

"Na yi, Tsohuwa, na rantse."

"Kada ka rantse, Allah na jin ka. Mutum ya tsufa bai daina halinsa ba! To ba za ka hau min kujera ba. Zauna can."

Ya tafi ya zauna a kan akwatinsa na bakin kicin. Tsakaninsa da ita bai fi taku kaɗan ba, kuma ya san ba zai ƙara ƙetare shi ba muddin yana so ta san shi. Takalman da ke buhu za su kai su wani lokaci. A hankali lapacho yake cinyewa, shi ya sa tun farko aka zaɓe shi. Usur ya ce zai riƙa zuwa kullum da la'asar, wai dama likita ya ce ya rage tumbi.

Casilda ta zuba ruwan zafi a ƙoƙo, tana ta mita a kan maza da ƙazantarsu. Ta ɗauki gwangwanin sukari, ta zuba wa Usur cokali guda, ta ba shi ya shanye. Ta juye ganyen, ta sa sabo, ta tura gwangwanin gefe. Sannan ta miƙo wa Fermin da dogon hannu, ta kau da kai.

"Ungo. Kada ka taɓa ni da hannun nan."

Ya karɓa da hannu biyu, ya zuƙa. Ɗaci ne zalla, babu ko ƙwayar sukari. Ya shanye har bututun ya yi ƙara, ya miƙa mata ta ƙaro.